Hular Malam a Kan Na'urar Gobara

Jama'a, yau na cire wa na'ura hula!

Kun san horon da muke yi na haɗa ƙararrawar gobara. Yau Injiniya mai koya mana ya mayar da mu wata Islamiyya ta kwana a Tudun Wada, inda muka ɗaura na'urorin da ke jin hayaƙi. Kowace da lambarta, in wuta ta tashi allon da ke ofis ya nuna ɗakin.

Muka bi su da hayaƙin gwaji. Duk suka yi ƙara, ban da ta babban ɗakin yara! Na ɗaga kai. Wallahi hula aka kifa mata, aka ɗaure da roba!

Malam mai makarantar ya ce, "Ni na sa mata. Da na kunna turaren wuta sai ta cika mana kunne."

Injiniya ya raɗa min, "Ƙyale shi, babba ne."

Ina! Na hau tsani na ciro hular, na durƙusa na miƙa wa Malam. "Allah gafarta Malam, yara ke kwana a nan. Turaren ya koma zaure."

Injiniya ya ce gobe zan yi masa bayanin ƙin jin maganarsa da na yi. Ko korata zai yi, hular nan ba ta ƙara hawa sama!