Takardun Kawu Gidaɗo

Kawuna Gidaɗo, yayan mahaifiyata, shekara ashirin da uku ya yi yana auna ruwan kogin Wudil. Aikin ke nan, ba wani abu ba. Akwai wani dogon ƙarfe mai lambobi da aka kafe a bakin ruwa. Kullum bayan sallar asuba sai ya gangara ya duba inda ruwa ya kai, ya rubuta a fom, ƙarshen wata ya liƙe a ambulan ya ba direban motar Kano ya kai ofis. Mutanen gari suna tsokanarsa da Sarkin Ruwa marar kifi, shi kuwa ko a jikinsa.

Wani Baturen injiniya ne ya ɗauke shi aiki tun kafin 'yancin kai. Ɗan Liman ake ce wa Baturen, don ubansa limamin coci ne a wani yanki na Birtaniya da ake kira Wales. Kada a ce yabon Turawa nake yi. Kawu da kansa ya ce mutumin marowaci ne, ga faɗan tsiya. Amma yakan karanta fom. Akwai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Kawu kwana biyu, ya cike lambobin da ka, sai ga Ɗan Liman a Wudil ya zo tambaya yadda aka yi ruwa ya tsaya cik alhali an tafka ruwan sama. Kawu bai sake ba har ya bar aiki.

Da kuɗin fetur suka zo, kowa ya zama ɗan kwangila. Wani Alhaji Maikano, wanda jiya-jiya muka san shi da tallar gwanjo, ya samu kwangilar ginin firamare a wajen Dagumawa. Ya rasa inda zai aza harsashi sai cikin kwari, don yashi na kusa, ba sai ya yi hayar tifa ba. Kawu ya same shi ya ce a shekarar da aka haifi 'yarsa Safara'u ruwa ya kai ƙafa goma sha shida a ma'auni, kwarin nan kuwa da kwalekwale aka ratsa shi. Alhaji bai ko sauke gilashin Marsandi duka ba, ya ce tsoho ya kawo takarda.

Ni na raka shi Kano. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, a mota yana ta faɗa mini cewa fom ɗin Agustan shekarar Safara'u da jan alƙalami ya ja masa layi. A ofis muka yi zaman awa uku a benci. Sabon shugaban ofis bai gan mu ba, wai yana mitin, mu kuwa muna jin dariyarsa da ƙarar cokali. Daga baya masinja Labaran, wanda ya san Kawu tun zamanin Ɗan Liman, ya ja mu gefe yana sosa ƙeya. Ya ce ɗakin ajiyar takardu an mai da shi wurin hutawar shugaba, an sa kafet da firji.

"To takardun fa?" in ji Kawu.

"Malam, ka yi haƙuri. Mai tsiren bakin ƙofa aka ba."

Muka fita. Buhu biyu ne a ƙarƙashin teburin mai tsire, mai ya jiƙa su, ƙudaje sun rufe. Wasu ambulan ɗin ko buɗe su ba a yi ba, da yawun Kawu a liƙe tun shekara biyar. Kawu ya durƙusa cikin farar rigarsa yana tonawa, a gefe wani yana cin nama a kan rubutunsa, ya gama ya goge baki da shi ya jefa a kwata. Shekarar Safara'u dai ba mu same ta ba, an riga an cinye tsire da ita.

Aka gina makaranta, aka yanka kirtani, aka yi tafi. Damina ta biyu ruwa ya zo ya kwashe ajujuwa uku har da bencina. Allah ya taimaka yara suna hutu. Aka turo kwamiti daga Kano, suka ci kaji a gidan Alhaji Maikano, suka rubuta cewa babu wata shaida a ofis da ta nuna ruwa ya taɓa kaiwa nan, don haka mai auna ruwa na Wudil ya yi sakaci da aikinsa. Da wannan aka sallami Kawu. Alhaji kuwa aka ba shi kwangilar sake gini, a kwarin.

Ranar da takardar sallama ta iso, fom ɗin watan yana aljihunsa, ya cike har na safiyar ranar. Ina biye da shi ya shiga kasuwar Wudil, ya tsaya gaban Gwadabe mai tsire ya ajiye masa a tebur.

"Ga na wannan watan," ya ce. "Ba sai ya je Kano ba."