Jar Jif da Dutsen Niƙan Inna

Kakar albasar farko bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ta yi mini kyau ƙwarai, har na ga zan iya sayen mota. Ni manomin albasa ne a bakin tafkin Kainji, kusa da Wara, ina kuma sarin ta maƙwabta in kai kasuwar Yelwa. A lokacin duk wanda Allah ya buɗa wa doguwar mota yake nema, mai sheƙi, wadda zai shiga Birnin Kebbi da ita masu gadi su miƙe tsaye. Ni ma raina ya biya, har na zaɓi launi a zuciyata. Abin da ya canza mini shawara shi ne dutsen niƙan mahaifiyata.

Ina yaro aka tashe mu daga tsohon garinmu saboda ruwan dam zai cinye shi. Manyan motoci suka zo kwasar kaya, masu lodi suka ce ba su ɗaukar duwatsu, ai duk inda za a je akwai dutse. Na Inna kuwa gadon uwarta ne, da shi aka kai ta ɗakin miji. Da ta ga roƙo bai yi ba, sai ta kife shi a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, ta ɗauki ɗan dutsen, wato ƙaramin da ake murzawa a kan babban, ta ƙulle a bakin zane. Shekara ashirin da 'yan kai yana ƙarƙashin gadonta, ba ta taɓa niƙa komai da shi ba.

Tun daga ranar ta rantse ba za ta ƙara shiga jirgi a kan ruwan da ya ci garinta ba, kuma ba ta shiga ba. Biki ko mutuwa, in dai sai an haye tafki, sai dai ta aika. Kifinsa kam tana ci har da tsotse ƙaya, in an tsokane ta ta ce ramuwar gayya take yi.

Duk shekara ruwan tafkin yana ja da baya a ƙarshen rani, ya bar fili mai faɗi na laka da ke bushewa daga sama. Wani lokaci bakin tsohon garin yakan leƙo. Na taɓa bin masunta a jirgi na tono wani dutse a can, na ɗora wa jaki daga bakin gaɓa na kawo mata ina ta washe baki. Ta ciro ɗan dutsenta ta aza a kai, ya yi ta rawa ya ƙi zama. Ta ture shi da ƙafa ta ce, "Wanga na matar maƙeri na. Ga inda yat tsage ran da akuyarta tat tura shi rami." Na gane babu mai gano nata sai ita.

To, a wannan shekarar ta albasa ruwa ya ja fiye da yadda aka saba gani. Masunta suka ce har kututturen tsamiyoyin cikin gari sun fito. Da Inna ta ji, sai na same ta da hantsi ta ciro ɗan dutsen tana goge shi da gefen mayafi. Gwiwoyinta sun riga sun gaji, ko masallacin unguwa ya yi mata nisa, balle ta taka wannan fili. Babur ba ta iya zama, jaki ya taɓa kayar da ita. Kuma da zarar ruwan sama na farko mai ƙarfi ya sauka, ɓawon lakar zai narke, daga baya tafki ya dawo ya rufe. Na dubi shekarunta, na san ba lalle ta ga wata shekara irin wannan ba. Abin ya tsaya mini a rai, na kasa cin abinci da daɗi.

Na ɗauki taubashina, ɗan ƙanen Inna, muka nufi Kaduna inda ake jibge motocin da aka shigo da su ta Kwatano. Direban motar kifi ne, bakinsa ba ya hutawa, kuma tun muna yara yake kirana bawansa. Tun daga Kwantagora ya fara tsara mini irin motar da ta dace da ubangida kamarsa ya zauna a baya.

A can wani dillali ya fara nuna mana dogayen motocin. Na shiga wata baƙa, kujerarta ta rungume ni, na ji kamar kada in fito. Amma da na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, ko kaza sai ta sunkuya za ta wuce. Na ce a kai ni wajen masu giyar ogzileri, ƙaramar giyar nan da in ka sa ta tayoyi huɗu duk ja suke yi. Sai ya kai mu gaban wata ƙatuwar jif mai kama da ɗakin soro, ya ce wannan ko dutse ta gani hawa take yi. Taubashina ya shafa ta kamar mai taya saniya, ya ce magana ta ƙare.

Ni kuwa a kan lakar nan nake noma, na san halinta. Akuya tana tsallake ta a guje, jaki ya lallaɓa ya wuce, amma bijimi in ya taka sai an nemo igiya da samari. Na kuma ga irin wannan ƙatuwar jif ta wani mai sarin kifi ta nutse har ƙofa, sai da tarakta ta zo. Saboda haka na ce wa taubashina ya kama bayan motar mu ɗaga. Ya dube ni, dillali ya dube ni. Muka kama muka yi nishi, ko gezau.

Can a ƙarshen layi na hango wata 'yar mitsitsiya, ja wur, da ratsin rawaya a gefe, rufinta na tamfol, ƙofa biyu kacal, ta ɗage bisa dogayen ƙafafu kamar zakaran da ke neman faɗa. Dillali ya ce wannan ba ta manya ba ce, samarin Turawa ke wasa da ita a bakin teku, shi ma kuskure aka yi aka haɗo masa. Na leƙa ciki na ga ƙaramar giya a gefen babbar. Na auna tsakaninta da ƙasa da kamun hannu, ya yi mini. Muka kama kusurwar baya muka yunƙura, sai ga taya ya rabu da ƙasa. Na ce a kawo makulli.

Taubashina ya ce, "Kai bawana, mun zo sayen doki kas sayi ɗan akuya? Wallahi in mun kai gida nesa da gari nika sauka."

Bai sauka ba, amma da ya sauka da ya huta. Kafin mu kai ƙofar gida an raɗa mata suna gwangwanin tumatir. Abokan sarin albasa suka tambaye ni buhu nawa take ɗauka, ko rabin buhu. Maiɗakina ta fito ta zagaya ta, ta taɓe baki ta koma ciki, wanda ya fi zagi zafi. Dariyar ta ci mini rai ƙwarai, don ni mutum ne mai son a yaba masa, amma na haɗiye. Inna ta dogaro sanda ta zo ta dube ta, ta tambayi taubashina ko wannan abin yana shiga ruwa. Ya ce a'a. Ta ce to in haka ne ita za ta shiga.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in da wani a wurin. Sai ta faɗa wa na kusa, ni kuma in tsinta. Yabo kuwa ban taɓa ji daga bakinta ba, ko ranar da na sauke Alƙur'ani ƙanena ta shafa wa kai.

Ba mu jira ba, don gabas ta fara haɗa gira da yamma-yamma. Washegari da sassafe na ciro kujerar baya, muka shimfiɗa katakai biyu da wani maƙwabcina Bakambare ya ara mana daga ginin cocinsu, muka sa fartanya da jarkar ruwa. Taubashina ya naɗe a kan katakan, gwiwa a haɓa. Inna ta zauna gaba, ƙullinta a cinya. A bakin gaɓa na rage iskar tayoyi don su baje, na sa ƙaramar giya, na yi bisimilla muka gangara.

Filin ya tsattsage kamar dugadugan manomi, yana ƙara a ƙarƙashinmu, amma ya ɗauke mu. 'Yar motar ta riƙa tsalle-tsalle tana wucewa, iska tana kaɗa tamfol. Muka wuce ramin da ƙatuwar jif ɗin mai sarin kifin nan ta bari, na rage gudu don taubashina ya gani da kyau. Ya ce shi barci yake ji.

A tsohon rafin da ya raba garin da gonaki ne ɓawon ya fashe. Bayan motar ya zauna, tayoyi suka fara juyawa a banza. Na kashe ta nan take kafin ta haƙa wa kanta kabari. Inna ba ta ko waiwaya ba, ta ce wa taubashina a nan suke wanki da. Muka sauka cikin laka har ƙwauri, muka kama kusurwa kamar yadda muka yi a Kaduna, muka ɗaga, na tura katako da ƙafa. Muka koma ɗaya gefen muka yi haka. Na shiga na tayar, shi yana turi. Ta yi gurnani ta fizge ta haye, ta kuma wanke ubangidan nawa da laka tun daga hula har takalmi. Ban taɓa jin daɗin dariya kamar ta ranar ba.

Daga nan Inna ta karɓi jagora. Ni ban ga komai ba sai fili da fasassun tukwane da kututtura, ita kuwa gari take gani. Ta ce a bi dama, nan hanyar rijiya ce. Ta ce a kauce, kada a taka zauren liman. Na kauce wa zauren da babu shi. Ta riƙa kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya da masu su, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, har muka zo wani baƙin kututture da ruwa ya cinye ya bar shi kamar turmi. Ta ɗaga hannu na tsaya.

Muka sauko da ita. Ta dafa kututturen ta zagaya, ta tsaya ta fuskanci inda ƙofar gidanmu take, sannan ta caka sandarta a ƙasa. Na yi ta sara da fartanya har na fara jin tsoron kada mu koma hannu rabbana, sai ƙarfe ya yi ƙara. Muka tone gefe da gefe, muka birkito shi. Yana nan a kife yadda ta bar shi, cikinsa cike da baƙar laka. Ta hana mu taɓawa, ta durƙusa da gwiwoyin nan da ba su lanƙwasuwa, ta wanke shi da ruwan jarka da tafin hannunta. Sannan ta kwance ƙulli ta aza ɗan dutsen. Ya zauna daram, ko motsi bai yi ba.

Ashe da 'yar jimƙar gero ta zo a ɗaya bakin zanen. Ta zuba, ta kama da hannu biyu ta tura. Wannan ƙarar ce take tashina daga barci ina yaro, na manta da ita sarai sai da na ji ta. Na juya baya na yi kuka, ban kuma ji kunyar taubashina ba, don shi ma hancinsa yake ja yana cewa laka ce ta shige masa ido.

Iska ta taso da ƙanshin ruwa, muka yi haramar komawa. Da muka ɗora dutsen sai bayan motar ya sunkuya, na ce a bakin rafi dole wani ya sauka a rage nauyi. Taubashina ya dubi dutsen. Inna ta ce, "Shi ya daɗe nan, ba shi ƙara sauka. Kai ka da ƙahwahu." Haka ubangida ya taka a ƙasa yana ɗauke da katakai a ka, yana shimfiɗa mana, dutse na zaune a wurinsa. Muka haye rafin ba tare da mun zauna ba, na kuma ƙi tsayawa sai da na ga ya yi ɗan gudu.

Muna hawa gaɓa ɗigon farko ya bugi tamfol. Kafin mu shiga gari ruwa ya kece, masu dariyar jiya suna rakuɓe a rumfuna suna kallon gwangwanin tumatir ta wuce, laka har rufi. Maiɗakina ta fito da gudu da tabarma ta rufa wa Inna, ta leƙa baya ta ga dutsen, ta dube ni ta yi murmushi.

Muka shigar da shi ɗakin Inna mu biyu muna nishi, muka ajiye inda ta nuna. Na tsaya a bakin ƙofa ina matse rigata. Ta zauna a gefen gado, ƙafarta ɗaya a kan dutsen, ta dubi taubashina, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Ka hwaɗa ma wancan yaron ya iya zaɓe."

Taubashina ya buɗe baki zai maimaita mini, na ce ya bar shi, na ji.