Katakon da ke Ƙarƙashin Totur

Surukina ƙwai yake ɗauka. Aikinsa ke nan shekara ashirin da shida. Da safe ya je gonakin kaji uku da ke bayan gari, ya loda kiret-kiret a farar motarsa mai buɗaɗɗen baya, ya rarraba wa shaguna da masu shayi da wani gidan burodi da ke gindin gada. Kowa Mai Ƙwai yake ce masa, har da wasu jikokinsa. Ni Baba nake cewa, don autarsa nake aure.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana da safe. Kafin ya tayar da mota sai ya zagaya ta, ya danna kowace taya da babban yatsa, ya ja igiyar da ta ɗaure kaya ya ji ƙarfinta, sannan ya shiga. Ba ya wuce arba'in, ko a miƙe ko a gangara. A cikin gari ma ba ya kai hakan. An taɓa samun wani mai keke da ya jera da shi tun daga gidan mai har bakin kasuwa, suna hira kan ciwon baya. Direbobin da suka maƙale a bayansa su yi ta danna hon, shi kuwa ya fito da hannu ta taga ya yi musu alamar su wuce, ko da babu hanyar wucewar.

Ni bakanike ne. Ina da garejina, rumfar kwano da rami biyu. Shekara tara ina auren 'yarsa ban taɓa ɗora sifana a kan motar nan ba. Yana da nasa bakaniken, wani tsohon abokinsa da ake kira Dogo. Da idon Dogo ya yi rauni ya koma wurin ɗansa a wani gari, na ɗauka aikin zai faɗo kaina. Ina. Baba ya ci gaba da canza baƙin mai da kansa, in kuma ya ji wata ƙara da bai yarda da ita ba sai ya kira Dogo, ya buɗe bonet, ya kara wayar kusa da injin. Bayan minti ɗaya ya mayar da ita kunne, ya gyaɗa kai, ya ce, "Dogo ya ce lafiyarta ƙalau."

Wata Talata, wajen tara da rabi, ina cikin rami ƙarƙashin wata tasi, surukata ta kira ni. Umma muke ce mata. Ran nan tana da ganin likitan haƙori, asibitin kuma yana gaba da gidan burodin, shi ya sa ta bi Baba.

Ta ce, "Kana gareji? Ɗauko kayan aikinka ka zo bayan gada. Babanku ya yi gudu."

Na ce, "Cikinsa ne, Umma?"

"Motarsa."

Na hau babur na tafi. Na same su a gefen titi, kusan kilomita guda gaba da gidan burodin. Tun daga nesa nake jin ƙaurin birki. Baba na zaune a bakin kwalbati, hularsa a kan gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya. Umma na tsaye a inuwar wani shago tana shan ruwa, jakarta a hammata.

Ga abin da ya faru, yadda na haɗa shi daga bakinsu su biyu. Kafin gadar akwai hawa. Motar na ɗauke da kiret ɗari da arba'in, don haka dole a ba ta wuta. Baba ya taka totur kamar kullum, sai ya ji ƙafarsa ta zarce har ƙasa. Da suka kai tudu ya ɗage ƙafa, totur bai biyo shi ba. Gaba kuma gangara ce. Allura ta wuce hamsin, ta wuce saba'in, ta doshi tamanin da biyar. Ya sa yatsun ƙafa zai ɗago totur ɗin, takalmi ya fita.

Ya ce wa Umma, "Riƙe jakarki."

Ta ce, "Mun makara ne?"

Ya taka kuloci, injin ya kwarma ihu kamar zai tsage bonet. Ya sa ta a firi, ya murɗa makulli baya mataki ɗaya kawai, injin ya mutu, sitiyari bai kulle ba. Ni da nake wannan sana'ar ba zan ce da na fi shi dabara ba. Sannan ya shiga taka birki kaɗan-kaɗan.

Umma ta ce, "Malam, ka taka mana."

Ya ce, "Akwai kaya."

Matar da ke da gidan burodin tana tsaye a ƙofa tana jiransu. Ta ɗaga hannu za ta gaishe shi, suka wuce ta. Daga baya ta gaya mini hannun ya daɗe a sama, don ba ta san me za ta yi da shi ba.

Na durƙusa gaban Baba na yi masa jaje. Na ce, "Baba, in duba?"

Ya zaro waya ya kira Dogo. Ba ta shiga ba. Ya sake kira, ba ta shiga ba. Ya mayar da ita aljihu.

"Duba da ido tukuna," in ji shi.

Na kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari da tocila a baki. Totur na manne da ƙasa. Na miƙa wa Baba takalminsa, sannan na karya doka na sa hannu na ja. Ya taso da ƙyar, yana gurza kamar an zuba masa yashi. Ba tabarmar ƙafa ce ta riƙe shi ba, abin da na fara zato ke nan. Amma daidai ƙarƙashinsa na ga wani wuri mai kusurwa huɗu, fentinsa fes kamar jiya aka fito da motar, da ramin ƙusa biyu.

Na ce, "Baba, me ke nan wurin a da?"

Ya sunkuyo ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Ya miƙe ya juya wajen Umma.

"Ina katakona?"

"Wane katako?"

"Na ƙarƙashin totur."

Umma ta gama shan ruwanta tukuna. Ta ce jiya da yamma ta share motar, tunda za ta shige ta da fararen kaya, kuma rabon wurin da tsintsiya Allah kaɗai ya sani. Tana cikin shara wani ɗan guntun katako ya fito da ruɓaɓɓun ƙusoshi a jikinsa. Ta cire ƙusoshin, ta ga girmansa daidai da abin da take nema.

"Yana ina yanzu?"

"Yana tare ƙofar kicin. Tun jiya ba ta sake rufe kanta ba."

Baba ya sa hularsa. Ya ce, "To."

Daga nan ya buɗe mini bonet da hannunsa. Na bi wayar totur tun daga inda ta ratso bangon injin har inda ta kama kabureta. Na kwance ta na zaro ta daga cikin rigarta. Abin a fili yake. Shekara ashirin da shida katakon yana tare totur a rabin hanya, don haka wayar ba ta taɓa tafiya fiye da rabin tafiyarta ba. Wurin da yake aiki ya goge har silinsa sun fara tsinkewa suna tashi kamar gashin buroshi. Wurin da bai taɓa aiki ba ya yi tsatsa ya kumbura. Da ƙafar Baba ta zarce, tsinkakkun silin suka shige cikin tsatsar suka ƙi fitowa. Sifirin ɗin da zai dawo da ita kuma ya saki, da yatsa biyu na miƙe shi.

Ina cikin yi masa bayani mai gidan burodin ta iso da motar kai burodinta. Muka kwashe kiret talatin nata, Baba na duba kowanne a hankali, yana ɗaga shi zuwa haske. Ko ɗaya bai fashe ba. Ya hau bayan motar ya duba sauran ɗari da goman, su ma haka. Na ji daɗi ƙwarai, na ɗauko akwatin kayan aikina na ajiye a wuri mafi kusa don in yi masa barka. Wuri mafi kusan kiret ne. Ƙwai biyar suka fashe.

Baba ya kalli kiret ɗin, ya kalle ni.

"Kai ne na farko yau," in ji shi.

Mai gidan burodin ta tafi da Umma asibiti. Na hau babur na je wajen masu kayan mota, na zagaya shago huɗu kafin na samu waya irin ta wannan tsohuwar motar, da sabon sifirin. Da na dawo na tarar ya lulluɓe kayan da tamfol, ya wanke kiret ɗin da na ɓata.

Na sake kwanciya ƙarƙashin sitiyari. Wannan karon shi ya riƙe mini tocila, yana tsugune a bakin ƙofa, yana haska duk inda ba na kallo. Na zura sabuwar wayar ta ramin bango, na maƙala ta a kan totur. Ban tambaye shi komai ba. Shi ya fara.

"Auta ba ta gaya maka ba, don ba ta sani ba. Da can bas na ja. Ta fasinja, tafiya mai nisa."

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

"Ba wanda yake wuce ni a lokacin. In na ga bayan mota sai in ji kamar zagina take yi." Ya gyara tsuguno. "Wata rana na shiga kwana da mutum goma sha huɗu, muka kwanta a rami. Ba wanda ya mutu. Amma akwai wata malamar makaranta, hannunta na dama ya tafi. Na je duba ta. Na shirya wa zagi. Sai ta miƙo mini takardar asibiti da biro ta ce, direba, rubuta mini sunana a nan, ni ban iya da hagu ba tukuna."

Na tsaya da filaya a hannu.

"Na rubuta. Ban sake ɗaukar mutum don kuɗi ba. Da na sayi wannan, kafin in fita da ita na yanko katakon na buga. Ni na yi hankali, amma ban tabbata ƙafar ta yi ba."

Ya matso da tocilar. "Ci gaba, rana na yi."

Na koma wajen injin. Na wanke bakin kabureta da fetur da tsohon buroshin haƙori har marfinta na ciki ya riƙa juyawa ba gardama. Na maƙala wayar, na ɗaure notin na bar mata ɗan sako-sako, na sa sabon sifirin, na shafa giris a gindin totur. Kafin a tayar da injin na ce ya taka ya saki sau goma. Duk goman totur ya biyo ƙafarsa da ɗan ƙara, tas.

Na ce masa in yana so, maimakon katako zan huda wurin in ɗaura dogon noti a tsaye, wanda tsintsiya ba za ta iya da shi ba, kuma ana iya ƙara shi ko a rage. Ya ce in gwada. Sau huɗu muna auna tsayinsa. Ya zauna, ya rufe ido, ya taka, ya ce in ɗaga kaɗan. A na huɗun ya ce, "Nan ne."

Saura gwaji. Na ce doka ce a garejina, duk motar da na taɓa wa totur ko birki ni nake fara tuƙa ta. Ya ce nan ba garejina ba ne. Na ce haka ne, Baba, na tsaya ban motsa ba. Ya juya makullin a hannu, ya juya, sannan ya miƙo mini ya zagaya ɗaya gefen. Bai taɓa zama a kujerar nan ba tunda ya sayi motar.

Muka nufi asibiti don ɗauko Umma. Rana ta take, cikin motar kamar tanda. Ya kama hannun sauke gilashi ya murɗa. Hannun ya yi ta juyawa, gilashi bai motsa ba. Ya sake murɗawa ta ɗaya ɓangaren. Ya gyara zama, ya sake gyarawa, ya sa hannu ƙarƙashinsa ya taɓo wani ƙarfe da ya hudo kujerar.

"Tun yaushe gilashin nan ya lalace?"

"Umma ta ce shekara goma sha ɗaya."

"Ta gaya maka?"

"Ta gaya wa kowa, Baba."

Gumi na bin wuyansa. Muka tsaya a ƙofar asibiti, muka hango Umma da auduga a kumatu.

Ya ce, "Mijin Auta, gobe bayan na sauke kaya zan kawo ta gareji. Gilashin nan. Da kujerar."

Ya kawo ta kuwa. Ya tsaya a kaina tun daga kwance ƙofa har ɗaurewa, yana ƙirga sukurorin da na cire don kada ɗaya ya yi saura. Tun daga ranar ni nake duba motar. Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya, ya ajiye gona ɗaya saboda gwiwa, yana ɗauka daga biyu.

Ranar da Umma ta fara shiga bayan gyaran ni da Auta muna gidansu, za su je duba wata ƙanwarta. Ta zauna, ta danna kujerar da tafin hannu, ta sauke gilashin har ƙasa. Baba na kallonta ta gefen ido yana jira. Suka fita daga layin, suka yi kamar taku ɗari, sai na ga motar ta tsaya, ta dawo da baya a hankali. Umma ta leƙo ta ce in miƙo mata mayafi mai kauri daga wajen Auta, iska ta yi yawa.