Haƙoran Ranar Juma'a

Ɗana na biyu ya kai shekara biyar da haƙora biyu kacal a baki, su ma masu tsini. Gashin kansa 'yan tsiraru ne, kuma ba ya gumi. In rana ta take sai in jiƙa masa riga. Muna tsohon Zongo a lokacin, ina sayar da atamfa a babbar kasuwa.

Maƙwabciyarmu mai aikin jinya ce ta kai mu wurin likitan haƙori. Ya duba ya ce haka aka haife shi, sauran ba za su fito ba. Ya auna bakin, bayan 'yan makonni ya sa masa haƙoran roba, sama da ƙasa. Da yake ba na jin Faransanci, da yaren Mina ya yi mini bayani.

"Kullum ya sa su, Mama. Ya ci da su, ya yi magana da su. Bakinsa na girma, ki riƙa kawo shi ana gyarawa."

Na ce to. Amma da na ga kyansu sai tsoro ya kama ni, kada su karye wurin wasa. Na naɗe su a hankici na jefa cikin gwangwanin madara. Ranar Juma'a da Sallah kawai nake fito da su.

"Inna, ba ni in je lakwal da su," in ji yaron wata safiya, zai tafi makaranta. Ana koya musu waƙoƙin jam'iyyar gwamnati, malami ya mai da shi layin baya don maganarsa ba ta fita.

"Ka je ka fasa su? Bari Juma'a."

Bai sake tambaya ba.

Sai aka tashe mu zuwa sabon Zongo, can bayan gari. Hidimar ƙaura ta ɗauke mini hankali wata da watanni. Ranar da na buɗe gwangwanin, haƙoran suka ƙi shiga. Na danna, dasashinsa ya yi jini.

Likita bai yi mini faɗa ba. Ya dai tambaya, "Ya saba da su kuwa?" Na sunkuyar da kai. Ya yi masa sababbi, amma yaron ya ƙi su, ya ce suna shaƙe shi. Ya riga ya koyi rufe baki da hannu. Bai daɗe ba ya bar lakwal.

Sai da ya zama saurayi, yana tuƙin babbar mota daga tashar jirgin ruwa, ya je da kansa aka yi masa wasu. Na taɓa neman gafararsa. Ya ce, "Inna, ai ya wuce," ya tashi ya ɗauki buta.