Ujunwa da Saƙon Rufe Shago

Duk wanda ya taɓa kai wa Ujunwa gyaran kwamfuta ya san ta da hali guda. Ko gilashi ne ya fashe, ko fanka ce take ƙara, ba za ta miƙo maka kayanka ba sai ta yi wani ɗan aiki da ba ka sa ta ba. Akwai wasu ƙananan fayiloli da masu sana'ar ke kira sikirif, umarni ne zalla a cikinsu, da an danna su sau biyu sai su kama aiki ba tare da sun tambayi kowa ba. To ita sai ta saita kwamfutar yadda in an danna su ba za su motsa ba, sai dai su buɗe a cikin edita, wato manhajar da ake rubuta su da ita, mutum ya ga abin da ke ciki da idonsa. Wasu su yi godiya, wasu su yi ta mita. Ba ta jayayya da kowa. Iyakarta ta ce, "Ka fara karantawa tukuna."

A Sabon Gari aka haife ta, a wani gidan haya da ke bayan Titin Faransa. Mahaifinta, Sylvester, ya zo Kano yana saurayi, ya buɗe shagon gyaran tafireta a Titin Ibrahim Taiwo, lokacin da kowane ofis ke da akawu mai bugawa. A nan ta tashi, tana goge haruffan ƙarfe da tsohon buroshin haƙori da kananzir. Hausarta ta 'yan Fagge ce, har da zolayarsu. Da aka daina yayin tafireta, uban ya koma zaman kallon titi, ita kuwa ta je ta koyi kwamfuta, ta dawo ta ture tsofaffin injuna gefe ta kafa teburinta. Da uban ya rasu ta raka gawarsa garinsu a kudu, dangi suka ce ta zauna, ta ce musu ita a nan baƙuwa ce, ko hanyar rafi ba ta sani ba. Ta dawo. Ta auri Tochukwu, mai sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa, suna zaune lafiya.

Cikin masu zuwa shagonta akwai Hamzat, ɗan Alhaji Abdulmuminu. Gidansu gidan malamai ne a Fagge, kakansa alƙali ne. Shi Alhajin ya daɗe yana koyarwa kafin ya koma sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Hamzat ya zo sayen laftof na hannu ne, daga nan bai daina zuwa ba. Mutum ne mai tambaya. Ita ta fara nuna masa yadda ake rubuta umarni, ba a jima ba ya wuce ta, ya koma shi ke nuna mata. Shi ya karɓi riƙon shagon mahaifinsa da ƙafa ta fara damun tsohon. Sai zazzaɓi ya kama Hamzat, aka kwantar da shi asibiti, bai tashi ba. Ujunwa ta yafa gyale ta je ta yi gaisuwa, ta zauna cikin mata har aka yi azahar.

An daɗe da share makoki, wata rana da hantsi sai ga Ma'u, yayar Hamzat, wadda ta karɓi shagon bayansa. Ba ta zo da kwamfuta ba. Ta zauna a benci, ta jira har sai da wani da ya kawo gyaran firinta ya karɓi kayansa ya fita.

"Anti Uju, Baba ne," in ji ta. "Ya daina cin abinci. Da an yi la'asar sai ya sa a fitar masa da kujera ƙofar gida, ya zauna yana kallon bakin layi. Ya raba rigunansa. Shekaranjiya ya aiko in yanko masa farin yadi, bai faɗi na mene ne ba, ni ma ban tambaya ba."

"Kun kai shi asibiti?"

"Ba ciwon asibiti ba ne. Jiya ya bar wayarsa a kan dadduma, na ɗauka zan sa masa caji, sai na gani."

Ta miƙo wayarta, dama ta ɗauki hoton abin da ta gani. Saƙonni ne a jere, kullum ɗaya, duk da yamma, duk iri ɗaya: "Baba, na rufe shago, ga ni nan tafe." A sama, inda sunan mai aikowa yake, an rubuta HAMZAT.

Ujunwa ta duba kwanan watan na ƙarshe. Na jiya ne.

"Wa ke riƙe da wayar Hamzat?"

"Tana cikin durowar Baba, a kashe. Layin ma ni na cire shi da hannuna, yana cikin jakata." Ma'u ta sassauta murya. "Baba bai gaya wa kowa ba. Gani yake kiransa ake yi."

Ujunwa ta tambaye ta ko akwai wani abu na marigayin da har yanzu ake aiki da shi. Ma'u ta ce sai dai laftof ɗin shago. Ujunwa ta ce to gobe ta zo da shi, kuma in da hali ta taho da Baba.

Washegari bayan la'asar adaidaita sahu ta sauke su. Alhaji Abdulmuminu ya rame, babbar rigarsa ta yi masa yawa. Ujunwa ta rusuna ta gaishe shi, ta ba shi kujerar mahaifinta, wadda ba ta barin kowa ya hau. An ɗauke wuta, shagon ya ɗan yi duhu, hasken laftof ɗin ne ya fi na ƙofa.

"Nuna mini abin da kike yi in za ki tashi," ta ce da Ma'u.

Ma'u ta nuna wani ɗan fayil a gefen allo, sunansa "rufewa". Ta ce a gadon asibiti Hamzat ya gaya mata, kullum in za ta rufe ta danna shi sau biyu, shi ke adana cinikin ranar. "Wata baƙar taga ce ke ƙiftawa ta ɓace, shi ke nan." Ta kai yatsa za ta danna, Ujunwa ta riƙe hannunta.

Da farko ta kashe intanet ɗin laftof ɗin. Sannan ta danna fayil ɗin ta ɓangaren dama, ta zaɓi a buɗe shi da editar da Hamzat ke aiki da ita, ta sa alama a wurin da ke cewa koyaushe a yi haka da duk fayil irinsa. Ɗan hoton fayil ɗin ya canja kama. Ta ce, "Yanzu danna."

Ma'u ta danna. Babu baƙar taga. Rubutu ne ya cika allon, layi-layi, wasu kalmomin shuɗi, wasu ruwan goro. Ujunwa ta bi shi da yatsa tana fassarawa. Na sama suna kwafe cinikin ranar su ajiye. Na ƙasa suna shiga intanet, su je wani kamfani mai tura saƙo da sunan da mutum ya zaɓa, su ba shi lambar Alhaji. Ga jimlar nan ita ma a rubuce, harafi da harafi. A samanta Hamzat ya bar wa kansa tuni da Hausa: Baba yana damuwa in na makara.

Ma'u ta dafe baki. "Innalillahi. Ashe ni ce."

"Ba ki sani ba," in ji Ujunwa. "Shi ma mantawa ya yi, yana fama da kansa."

Alhaji ya ciro tabarau, ya matso. Bai iya karanta sauran ba, amma ya karanta nasa layin, leɓunansa na motsi. Ya daɗe a kai.

"Wato ba shi ba ne," ya ce.

"Shi ya rubuta, Baba. Amma tun yana da rai."

Ya gyaɗa kai. Ujunwa ta kasa gane ko sauƙi ya samu, ko kuwa wani abu ta ƙwace masa. Ta kwafi layukan ciniki ta yi wa Ma'u maɓalli daban wanda ba ya tura komai, sannan ta tambaya ko ta goge tsohon.

"A'a, 'yata. Kada ki goge masa rubutu. A bar shi yadda kika yi, a riƙa gani kawai."

A waje hayaniyar titi ta ƙaru, 'yan Kwari sun fara tashi, masu dako na wucewa da diloli a ka. Ma'u tana naɗe wayar caji sai wani abu ya yi ƙara a aljihun Alhaji. Ƙara ɗaya, gajeriya.

Alhaji ya zura hannu ya ciro wayar, bai duba ba, ya miƙa wa Ujunwa. Ta duba. HAMZAT. "Baba, na rufe shago, ga ni nan tafe." Ta juya ta kalli laftof ɗin. Rubutun na nan a buɗe, ɗan siririn layin da ke nuna wurin rubutu yana ƙiftawa a ƙarshen layi, alamar intanet kuma a kashe.

"Na jiya ne ya maƙale a hanya," ta ce. "Yakan faru, Baba. Saƙo yakan kwana."

"Na jiya ya zo jiya," in ji Alhaji. Ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu, ya dafa sandarsa ya miƙe. Bai nuna tsoro ba. Har da yi mata addu'a, ya ce Allah ya yi wa sana'arta albarka.

Ta roƙi a bar mata laftof ɗin. Da safe ta bi shi lungu-lungu, ta duba ko akwai wani aiki da aka ɗaura wa lokaci, babu. Ta shiga asusun Hamzat na kamfanin tura saƙon, ta ga jerin duk waɗanda suka fita, kowanne da ranarsa. Na ƙarshe shi ne wanda Ma'u ta danna ana gobe za su zo. Na yammacin jiya ba ya ciki. Ta mayar wa Ma'u kayanta, ta ce komai ya daidaita. Tochukwu kaɗai ta gaya wa, shi kuma ya ce kamfanonin waya ba abin da ba sa yi, ta bar maganar.

Abin mamaki, Alhaji ya warware. Ya koma cin abinci, ya koma sahun gaba a masallaci, aka daina fitar da kujera. Duk sanda Ma'u ta tambaye shi sai ya ce ai abin ya wuce. Wani lokaci in an kai shi ganin likita yakan sa a tsaya a ƙofar shagon Ujunwa su gaisa, ya kawo mata dabino. Bai sake tayar da zancen ba, ita ma haka. Ya ƙara 'yan shekaru a duniya, sannan wata damina ya kwanta, Allah ya karɓi abinsa.

Ujunwa ta sake yafa gyalenta ta je. Tana shirin tafiya Ma'u ta ja ta zuwa soro, inda ba kowa, ta ciro wayar Baba daga cikin hijabi.

Saƙonnin ba su tsaya ba. Ba kullum suke zuwa ba kamar da, wani lokaci a jera, wani lokaci a yi wata da watanni shiru. Amma suna nan har cikin wannan daminar. Kuma a ƙarƙashin kowanne akwai amsar Alhaji: "Allah ya kawo ka lafiya." Kowace amsa da jan alama a gefenta, ba ta tafi ba, don irin wannan sunan ba a mayar masa da saƙo. Bai fasa rubutawa ba.

"Wallahi Anti ban sake taɓa fayil ɗin ba," in ji Ma'u. "Tun bara na sayi sabon laftof. Wancan yana cikin durowar shago, a kulle. Baba kuwa rabonsa da Kwari tun kafin rasuwar Hamzat."

Bayan kwana biyu ta kawo laftof ɗin, ta ce a goge komai a sayar, ko a bayar, ita dai ba ta son ganinsa. Ujunwa ta sa masa caji, don batirin ya daɗe da mutuwa. Ta danna "rufewa" sau biyu, ya buɗe a edita lafiya lau, yadda ta bar shi, ko wasali ba a canja ba. Ta nemi asusun kamfanin tura saƙon, ta tarar kamfanin ma ya daɗe da rufewa, shafinsa ba ya buɗuwa.

Ta kai hannu za ta fara gogewa, ta fasa. Ta ɗauko sukundireba ta kwance bayan laftof ɗin, ta cire batirin, ta naɗe laftof ɗin cikin leda, ta hau kan benci ta tura shi can saman kanta, bayan kwalayen tawada. Ma'u ba ta sake tambaya ba.

Har yau Ujunwa tana nan a Titin Ibrahim Taiwo. Ta fara furfura, ta sa tabarau, aiki kuma bai ragu ba. Sai dai maƙwabtanta sun lura ta canja lokacin tashi. Da ita ce ta ƙarshe a layin, yanzu ana idar da la'asar take fara tattara kaya. In mai kawo gyara ya zo a makare ya ce minti biyar kawai, sai ta ce ya dawo da safe, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, ta tsallaka titi ta tari adaidaita sahun Sabon Gari tun 'yan Kwari ba su fara fitowa ba.