Haikalin da aka gina ba ƙarar guduma

Jiya a garin Hyattsville, nan ƙasar waje, ina gyara wa tsohon da nake jinya matashin kai, sai ya hango nassin da na bari a buɗe, inda ake bayanin ginin Haikalin Sulemanu. Bayahude ne, ya tsufa yana koyar da Ibrananci.

Ya ce, "Rifkatu, kalmar da aka siffanta duwatsun nan da ita, shelema ce. Ma'anarta cikakke, wanda aka gama aikinsa. Tun can wurin fasa dutse ake sassaƙe kowanne, sai dai a kawo a ɗora. Shi ya sa ba a ji ƙarar guduma a haikalin ba."

Na ce, "To, ina ƙarar ta tafi?"

Ya ce, "Tana kunnen masu fasa dutsen."

Nan take na tuna gida. Babana fasa dutse ya yi ta yi a Jos har na gama makarantar jinya. Yau ga ni nan, kowa yana yabon natsuwata. Shi kuwa in na kira shi a waya, sai na yi ihu kafin ya ji muryata.

Ku fa, a kunnen wa taku ƙarar ta tsaya?