Ledar da ban ɓare ba

Salamu alaikum jama'a. Tun kafin damina ba ku ga na sa hoton ƙofa ko amalanke a nan ba, har wasu sun ce Idi mai walda na Karofane ya tafi cin rani ba sallama. Ina nan. Idona na hagu ne ya kusa tafiya ya bar ni.

Yayana Sahabi ne ya zo mini da hular walda daga Abijan, irin wadda gilashinta ke yin duhu da kansa da zarar wuta ta tashi. Mu nan kaske muke ce mata. Kun san halinmu da sabon abu: ledar kujerar moto, wato babur, ma sai ta yage da kanta. To ni ma ban ɓare ledar gilashin ba. Da gefenta ya fara ɗagowa, na bi shi da sikoc, wato salatif, na manne.

Matata Rabi har tsiya take mini: "Baban Hasiya, in da haka kake tattalina da na yi ƙiba."

Ashe sikoc ɗin ya hau kan 'yan idanu biyu da ke saman gilashin, waɗanda su ke ganin wuta su sa ya yi duhu. Ƙura kuma ta shige ƙarƙashin ledar. Sai hular ta fara gardama, wani lokaci ta yi duhu, wani lokaci ta ƙi, kuma ba na ganin inda nake ɗora wuta.

Lokacin gyaran garma da amalanke ne, manoma na tsaye a kaina. Sai na koma wa tsohon hali: in ɗaga hula, in runtse ido, in ɗiga wuta, in ƙwanƙwashe kashin walda da ido tsirara.

Wata safiya na tashi kamar an zuba mini yashi a ido. Duk mai walda ya san wannan, ban damu ba. Na ɗiga madara, na ɗora ganyen shayi mai sanyi. Na dama ya warware, na hagu ya ƙi.

Na sayi maganin ɗigawa wurin mai yawo da magani ranar kasuwa. Jan ya ragu, na ce shi ke nan. Bayan 'yan kwanaki wani farin ɗigo ya fito a kan baƙin idon, haske ya zama abokin gaba.

Rabi ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce: "Wallahi yau ba ka taɓa ƙarhe. Asibitin Madawa za ka tahi."

Sahabi ya ɗauke ni a moto, na rufe kai da rawani.

A asibiti likitar ido ta ɗiga mini maganin kashe zafi, ta sa wani ruwa rawaya, ta haska da shuɗiyar fitila. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce: "Maigida, akwai ɓarɓashin ƙarhe cikin idon ga, har ya yi tsatsa. Wurin ya zama gyambo. Mi kas sa mai?"

Na nuna mata kwalbar. Ta ce irin wannan yana ɓoye ja, ciwon kuma yana ci ta ƙasa.

Ta rufe mini idon dama ta ɗaga hannu. Ban iya ƙirga yatsunta ba. A nan tsoro ya kama ni na gaske. Na tambaye ta ko idon zai dawo, ta ce: "Mu yi namu, Allah shi yi nashi. Ban yi maka alkawali ba."

Da bakin allura ta cire ƙarfen, ni kuwa haɓata na kan mashin ɗin duba ido ina salati. Ta rubuta odonas, wato takardar magani, ta hana ni aiki. Tunkiyar Rabi ce ta tafi a magani da man moto, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba.

Zaman ɗaki ya fi allurar wuya. Ina jin ana huɗa, ana noma, ni ina kwance Rabi na ɗiga mini magani sa'a-sa'a. Sahabi ya haɗa gonata da tasa ya nome. Duk randebu, ranar komawa wurin likita, shi ke kai ni.

A hankali farin ya ja baya. Ranar da na ƙirga yatsun likita daidai, har na ga zoben hannunta, sai da na yi ƙwalla. Ɗan tabo ya rage, kamar hazo a gefe, amma ina ganin layin walda. Alhamdulillahi.

Na gode wa likita, da Rabi, da duk wanda ya kira ko ya yi addu'a.

Abokan sana'a, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Ku ɓare leda, ciki da waje. Ku goge 'yan idanun nan na hular da tsumma mai laushi kowace safiya, sannan ku ƙyasta birke, wato laita, a gaban gilashin. In bai yi duhu ba, kada ku fara, ku duba pil, wato batir. Hular da ke da ɗan sola a goshi, ku bari ta ga rana, kada ta shekara a buhu. Maɓallin duhu ku ƙara shi in kun ƙara wuta. In kun juya maɓallin zuwa na gurza ƙarfe, inda ba ta yin duhu, ku tuna ku mayar kafin walda. Gilashin gaba na canzawa ne, don ya sha tartsatsi aka yi shi. Ido kuma in ya kwana ya wuni bai sake ku ba, asibiti, ba kasuwa ba.

Jiya Sahabi ya biyo ta shago. Ya ɗauki hular yana juya ta, duk ta karce, tartsatsi ya yi mata zane. Na ji kunya, na fara ba shi haƙuri.

Ya kifa mini ita a ka, ya ce: "Idi, ai sai yanzu ka amshi kyautata. Ni idonka nis sayo ma, ba hula ba."